Giranuloma ta baƙon abu a hannu da ƙafa

Giranuloma ta baƙon abu wani ƙullutu ne da jiki ke ginawa a kewayen abin da ya shige shi ya maƙale, kamar ƙaya, sartse, fasasshen gilashi, ɗan ƙarfe, zaren ɗinkin tiyata ko audugar da aka manta a ciki. Idan jiki ya kasa narkar da abun kuma ya kasa fitar da shi, sai ya killace shi da tsoka mai tauri. Ba ciwon daji ba ne, amma a hannu ko ƙafa yakan yi kama da ƙari sosai, har likita ya fara zargin sakoma, wato dajin da ke kama tsoka da kitse da jijiya.

Yadda yake samuwa

Ƙwayoyin jini masu cinye datti ne ke fara zuwa, in abun ya fi ƙarfin guda ɗaya sai su haɗe su zama ƙatuwar ƙwaya mai cibiyoyi da yawa a warwatse, su lulluɓe shi, daga baya tabo ya zagaye su. Ana iya yin watanni ko shekaru, bakin ciwon ya warke tas ko alama babu, shi ya sa in aka tambayi mai shi ko ya taɓa taka wani abu sai ya ce sam.

Tarihi

Ana danganta kalmar giranuloma da likitan Jamus Rudolf Virchow, wajen shekarun 1860. A 1868 Theodor Langhans ya bayyana manyan ƙwayoyin da ake gani a tarin fuka, masu cibiyoyi jere a gefe kamar takalmin doki, kuma har yau wannan jerin na cikin abin da ake dubawa don a raba su da na baƙon abu.

Labarin auduga da aka bari a jikin majinyaci kuwa ana cewa an fara rubuta shi wajen 1884. Sunansa gosipiboma, rabin farko daga sunan auduga a Latin, rabi na biyu wasu sun ce daga kalmar boma ta Suwahili, wasu sun musa. Sai wajen 1899 wani likita a Biyana, babban birnin Ostiriya, Robert Gersuny, ya fara ɗura man baselin a jikin mutane don cike gurbi, abun ya bazu a Turai da Amurka ana yi da farafin don gyaran fuska da nono, bayan 'yan shekaru sai ga ƙullutai masu tauri suna fitowa, wasu su fashe su ƙi warkewa. Aka daina, amma silikon, wani ruwa mai kauri da shi ma aka riƙa ɗurawa a jiki, ya zo ya maimaita irin wannan ɓarna. Daga baya kuma ƙugun ƙarfe da aka riƙa sa wa mutane a madadin gaɓar ƙugu, wanda ƙarfe ke gugar ƙarfe, garinsa ya riƙa haddasa kumburi mai kama da ƙari, a 2010 kamfanin DePuy ya janye wani samfurinsa mai suna ASR.

Ganowa

Tambaya ce farkon komai, kuma gaskiya ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Manomi ne? Yana yawo ba takalmi? An taɓa yi masa aiki ko allura a wurin? Ƙayar dabino ta yi ƙaurin suna don bakinta kan karye ya zauna a ciki, in kusa da gaɓa ne gwiwa ta yi ta kumbura, in ta taɓa ƙashi hoton ya fito kamar dajin ƙashi, musamman a yara.

Hoton eksire na nuna ƙarfe da kusan duk gilashi, amma itace da ƙaya yawanci ba sa fitowa, don haka in an ce hoto bai nuna komai ba, ba a gama ba. Sikanin, irin dai wanda ake wa masu ciki, shi ya fi kama itace kuma ga shi da araha: sai ka ga ɗan siririn layi fari fat, inuwa a ƙasansa, baƙin zobe ya kewaye shi. A siti sikan, wato eksire mai nuna jiki yanki-yanki, busasshen itace kan yi duhu kamar iska. MRI, na'urar hoto mai aiki da ƙarfin maganaɗisu, kan nuna ɗigo ko layi baƙi a tsakiya da kumburi mai haske a kewaye, amma in abun ƙarami ne kumburin ya rufe shi sai a karanta ƙari, kuma dole a tabbatar ba ƙarfe ba ne kafin a shiga na'urar.

In shakka ta rage ana ɗebo ɗan tsoka da allura a duba a madubin likita, zare da ɓurɓushin itace da hoda kan yi ƙyalli a ƙarƙashin wani haske na musamman. Ƙa'idar ita ce duk ƙullutun da ya wuce santimita 5, ko yake can ciki, ko yake ta girma, a ɗauke shi daji ne har sai gwaji ya wanke shi. Ba a yarda a far masa da wuƙa haka kawai ba, ko a asibiti ko wurin wanzami, don in sakoma ce yankan ganganci na watsa ta, aikin da zai tsaya kan cire ƙari ya koma yanke ƙafa.

Masu kama da shi

Tsohon ƙurji, daskararren jini, tarin fuka na tsoka, sai maisitoma. Ita ma ta hanyar ƙaya take shiga, amma ƙwayar cuta ce ƙayar ke kaiwa ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ƙofofi suna fitar da ruwa da 'yan tsaba baƙaƙe ko farare. Tana da yawa a Sudan, ana samunta a Chadi da Nijar da arewacin Najeriya, a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Kafin ta ɓula tana iya zama ƙullutu shiru marar zafi, kuma maganinta na watanni ne.

Magani

Tiyata, a cire abun da tsokar da ta kewaye shi. In an bar ko ɗan guntu yakan dawo.