Juriyar iyali wajen renon yara masu lalurar ƙwaƙwalwa

Juriyar iyali ita ce yadda gida ke sake tsara kansa ya ci gaba da tafiya bayan wani nauyi ya faɗo masa. Masana kan yi amfani da kalmar wajen nazarin gidajen da ke renon yara masu lalurar da ta shafi bunƙasar ƙwaƙwalwa tun ƙuruciya, kamar otizim (lalurar da ke wahalar wa yaro mu'amala da cuɗanya da mutane), raunin fahimta, da rashin natsuwa mai haɗe da ƙiriniya wanda likitoci ke kira ADHD. Irin wannan nauyi ba na kwana ɗaya ba ne, kuma haƙuri kaɗai ba ya ɗaukarsa.

Tushen nazarin ya faro ne daga Reuben Hill, masanin zamantakewa ɗan Amurka, wanda a 1949 ya bi diddigin iyalan da Yaƙin Duniya na Biyu ya raba da mazajensu. Ya nuna cewa abu uku ne ke sa matsala ta rusa gida ko ta bar shi a tsaye: girman abin da ya faru, abin da iyalin ke da shi a hannu, da fassarar da suka yi wa lamarin. A 1983 masana Hamilton McCubbin da Joan Patterson suka ƙara da cewa matsaloli taruwa suke yi, wata kan wata: rashin barci, kuɗin magani, aikin da uwa ko uba ya ajiye, da ɗan'uwan da aka manta da shi saboda hankalin kowa ya koma kan mai lalurar.

Fassarar da iyali ke yi wa lamari tana da nauyi fiye da yadda ake zato. A tsakiyar ƙarni na 20 an daɗe ana ɗora wa iyaye mata laifin otizim, wai ba su jan 'ya'yansu a jiki, ra'ayin da bincike ya yi watsi da shi. Gidan da ya daina neman mai laifi ya fi samun ƙarfin lura da yaron kansa. Idan sauyin tsarin rana ne ke sa shi kururuwa, sai a liƙa hotuna a bango, na wanka, na cin abinci, na makaranta, ya ga abin da ke tafe.

Froma Walsh, masaniyar halayyar ɗan adam 'yar Amurka, ta kasa juriyar gida uku: abin da iyali suka yi imani da shi, yadda suke raba ɗawainiya, da yadda suke magana da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da shirin horar da masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin bunƙasa, inda ake koya musu mayar da wasa da ayyukan gida hanyar koyar da yaron magana.