Ƙiyasta Darajar Bukukuwan Gargajiya a Katsina da Daura

Ƙiyasta darajar bikin gargajiya fanni ne na ilimin tattalin arziki da ke auna, da ma'aunin kuɗi, amfanin da baƙi da 'yan gari suke samu daga biki. Hawan sallah a Katsina da Sallar Gani da ake yi a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal kyauta ake kallonsu. Wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ba ya yankar tikiti, saboda haka babu farashin kasuwa da za a duba, sai an bi ta wasu hanyoyi.

Mafi sauƙinsu ita ce lissafin cinikin da biki ya jawo: kuɗin mota, masauki, abinci, da abin da maɗinka, dukawa da masu kayan doki suka samu. Kuɗin baƙo kaɗai ake ƙirgawa, domin na ɗan gari, ko da hawa ko babu, yawanci a garin zai kashe shi.

Akwai kuma hanyar kuɗin tafiya, wadda masanin tattalin arziki Harold Hotelling ya kawo a 1947 cikin wasiƙarsa ga hukumar gandun shaƙatawa ta Amurka. Wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ya biya mota, ya bar sana'arsa ta yini guda, to aƙalla kallon ya kai masa wannan kuɗin. Raunin hanyar babba ne: Bakatsinen da ya fito da ƙafa daga unguwarsu kusan sifili za a rubuta masa, alhali bikin nasa ne.

Don cike wannan giɓi ake tambayar mutane kai tsaye nawa za su iya bayarwa don kada hawan ya daina. Wani masani mai suna Robert Davis ya gwada wannan a dazukan jihar Maine ta Amurka a 1963, kuma a 1993 wani kwamiti a Amurka da masanan tattalin arziki Kenneth Arrow da Robert Solow suka jagoranta ya ba da shawarar a faɗi adadi guda, mutum ya ce e ko a'a. Wannan hanya ta tambaya ce ke kamo darajar da ba ta kallo ba, kamar ta dattijon da ya daina fita amma yana son jikokinsa su gaji Gani. Sai dai alkawarin baki ya kan fi abin da hannu zai miƙa, kuma amsar talaka ba ta wuce ƙarfin aljihunsa, komai ƙaunarsa ga bikin. Wasu ma ƙin amsawa suke yi, suna ganin al'ada ba abin sa wa kuɗi ba ce. Masu bincike kan ware irin wannan amsa daban, ba sa ƙirga ta a matsayin sifili.