Lambun Ƙwarin Barbara a Ƙasar Katsina

Lambun ƙwarin barbara fili ne da jama'ar unguwa, ko makaranta, ko ƙungiyar manoma ke shukawa da itatuwa da tsirrai masu fure, domin ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da sauran halittun da ke ɗaukar bununi daga fure zuwa fure su samu abinci da ruwa da maɓoya. Ya bambanta da lambun kayan miya ta fuska biyu: ana zaɓen abin da za a shuka ne yadda ba za a rasa fure ba daga wata zuwa wata, kuma ana ƙaurace wa feshin maganin ƙwari. Tsarin da ake yayatawa yanzu daga Amurka da Turai ya fito. A ƙasar Katsina da Daura kuwa, garka da lambunan fadama da itatuwan gona sun daɗe suna wannan aiki, kuma nauyinsa a nan ya fi rataya a kan itace da ruwan rani fiye da furannin ado.

Barbara da masu yin ta

Tsiro ba ya ƙulla 'ya'ya sai bununi ya sauka a kan sashen mace na fure. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da buƙatar ƙwaro, iska ke yi musu, wasu kuma furen kan wadatar da kansa. Kabewa da kankana da gurji da duma suna da furen namiji daban, na mace daban, don haka in babu ƙwaro sai ɗan ya ƙanƙance ko ya zube. Riɗi da auduga da kuɓewa suna iya ƙullawa da kansu, amma yabanya ta fi kyau in ƙudan zuma sun ziyarce ta. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan gonakin Burkina Faso ya nuna barbarar ƙudan zuma ta ƙara amfanin auduga da kashi 62 cikin ɗari, ta kuma ninka na riɗi sau uku.

Rahoton da kwamitin masana na duniya, IPBES, ya fitar a 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin ɗari na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar barbarar halittu, haka ma kusan kashi 90 cikin ɗari na tsirran daji masu fure. Nau'in ƙudan zuma a duniya ya kai kimanin 20,000, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke tara zuma. Mafi yawa kowace mace ita kaɗai take rayuwa, ta tona ɗan rami a ƙasa ko ta shiga busasshen kara ta yi ƙwai.

A Yammacin Afirka akwai ƙudan zuman amya da kowa ya sani, akwai ƙananan nan marasa harbi masu zama a kogon itace da tsagar bango, akwai kuma baƙin nan babba mai ƙugi da ke huda busasshen itace. Shi wannan na ƙarshe yana cikin masu girgiza furen tumatir da gauta har bununi ya zubo, abin da ƙudan amya ba ya iyawa. Mangwaro ya fi dogara da ƙudaje. Furen duma fari ne, da dare yake buɗewa, ƙwarin dare ke zuwar masa. Kuka da ɗorawa kuwa jemagu ne manyan masu yi musu barbara, ko da yake ƙudan zuma kan yi sammako su kwashi abin da ya rage a tuntun ɗorawa.

Tarihi

A waje, maganar ta ɗauki zafi bayan 2006, lokacin da masu kiwon zuma a Amurka suka fara tarar da amyoyinsu wayam, ƙudan sun watse ba a ga gawarsu ba. Ingila ta fitar da tsarinta na ƙasa kan ƙwarin barbara a 2014. A 2015 aka ƙaddamar da gangamin kafa lambuna miliyan ɗaya a Amurka, aka kuma sanar da cika adadin a 2019. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya a Disamban 2017, bisa shawarar ƙasar Sulobeniya.

Tarihin lambu a Katsina ya girmi duk wannan. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga birnin a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da itatuwa. Ya ambaci ɓaure da rumman da lemun tsami cikin 'ya'yan itacen garin, ya kuma ce an gaya masa a da har inabi ana samu. Heinrich Barth, Bajamushe, ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, shi ma ya tarar da yawancinta ba gine-gine. Ke nan birnin da kansa ya kasance wurin noma da fure, kafin gine-gine su cinye waɗannan filaye a ƙarni na 20.

A karkara, manomi ba ya sare kowane itace in yana sharar gona. Yakan bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da aduwa da kanya, a kudu wajen Funtuwa da Malumfashi kuma har da kaɗanya. A rassan waɗannan ake ɗora amya. Amyar gargajiya saƙar ciyawa ce doguwa mai baki ɗaya, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta da ƙamshin da ƙudan ke so, a ɗaure ta a reshe a jira tawaga ta shiga. Wasu kan yi amfani da tukunya ko kogon gungume. Da dare ake ɗiban zuma, da wuta da hayaƙi, kuma sau da yawa akan kwashe saƙar duka har da 'ya'yan, ƙudan su mutu ko su yi ƙaura. Wannan shi ne babban aibin tsohuwar hanyar. Amyar katako mai sanduna a sama, wadda aka inganta a Kenya wajen farkon shekarun 1970, tana ba da damar cire saƙar da ta nuna kaɗai a bar sauran.

Darbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi, baƙuwa ce daga yankin Indiya. An ce wajen 1928 aka fara dasa ta a Najeriya, a lardin Borno, daga nan ta bazu a titunan garuruwan arewa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, dashen itace ya zama aikin hukuma. A ƙarshen shekarun 1980, daidai lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, an gudanar da shirin dashe da tallafin Ƙungiyar Tattalin Arzikin Turai (wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai), wanda ya kafa layukan kare iska ya kuma raba dashe ga manoma a arewacin jihar. Daga baya shirin Babbar Koriyar Ganuwa na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, ya sa Katsina cikin jihohi 11 na Najeriya da hamada ke yi wa barazana. Manufar waɗannan shirye-shirye tare iska da rairayi ce da samar da makamashi, amma kowane layin darbejiya da itacen turare abinci ne ga ƙudan zuma a watannin da daji ya bushe.

Yanayi da jerin furanni

Ruwan sama a Katsina da Daura yana kaiwa kimanin milimita 600 a shekara, a Funtuwa kuma wajen 1,000, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Da damina ƙwaro ba ya rasa fure: ga wake, ga riɗi, ga yakuwa da rama, ga ciyayin gefen hanya. Wahalar tana farawa ne bayan kaka, ta tsananta a bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Ƙudan zuman Afirka ba ya jure yunwa a wuri ɗaya. In fure da ruwa suka yanke, tawagar kan bar amya ta tafi. Don haka ma'aunin lambu mai kyau a nan shi ne abin da yake da shi daga Nuwamba zuwa Mayu.

Magarya kan yi fure a ƙarshen damina zuwa kaka, furanni ƙanana masu jawo ƙudaje da ƙudan zuma da yawa, kuma zumarta tana da daraja a kasuwa. Gawo ne ke biye. Shi al'adarsa ta saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina, ya tofo bayan ruwa ya ɗauke, ya yi fure a farkon hunturu daidai lokacin da ciyawa ta bushe. Saboda ba ya inuwa da damina, gero kan yi kyau a ƙarƙashinsa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne, shi ya sa manomi ba ya ƙyashin barin sa. Mangwaro da kaɗanya suna ɗauka daga Disamba zuwa wajen Fabrairu ko Maris, ɗorawa ta saki tuntunta cikin rani, darbejiya ta cika gari da ƙamshi a bazara. Kuka da tsamiya sai gab da faɗuwar ruwa. Zogale, in yana samun ban ruwa, kusan duk shekara yana fure, kuma mata suna da amfani da ganyensa, don haka shi ne mafi sauƙin shigarwa a lambun unguwa. Lalle da bagaruwa suna yin shinge kuma suna fure.

Game da kaɗanya, bincike a Gana da Burkina Faso ya nuna ƙudan amya da ƙananan marasa harbi ne manyan masu yi mata barbara, kuma tana ƙulla 'ya'ya fiye in akwai itatuwa iri-iri a kewayenta.

A ƙasa, ana barin wasu kunyoyin albasa da karas su yi tozo su fitar da fure maimakon a cire su duka, a sa ɗoɗɗoya da na'ana'a a bakin kwarin ruwa. Furannin ado da ake sayarwa a bakin titi ba duka ke da amfani ba. Da yawa launi ne kawai.

Malam-buɗe-littafi yana da buƙata ta biyu, wato ganyen da tsutsarsa za ta ci. Jan nan mai baƙin gefe da ɗigon fari a kan tumfafiya yake ƙwai, kuma gubar tsiron tana kare shi daga tsuntsaye. Babban nan mai baƙi da rawaya lemo yake bi, wasu farare da rawaya kuma tafasa da rai-ɗore. Mai lambun da ya nome waɗannan tas, ko ya kashe kowace tsutsa da ya gani, ba zai ga masu fukafukan ba.

Tsarin lambu

Ruwa ne ke yanke hukuncin inda za a kafa shi: kusa da rijiya, ko famfon makaranta, ko fadamun da ke ƙarƙashin madatsun ruwa irin su Ajiwa, Zobe, Jibiya, Sabke da Daberam. Su kansu ƙwarin suna shan ruwa, ƙudan amya ma da shi suke sanyaya gidansu. Akan ajiye kasko marar zurfi a zuba tsakuwa domin su samu wurin tsayawa, a riƙa sauya ruwan don kada sauro ya yi ƙwai. Inda ba a yi haka ba, su ne ke cika bakin randa da famfo a bazara.

Shinge dole ne, saboda awaki da tumaki da ake sakewa bayan girbi. Darnin kara ba ya wuce shekara. Shingen aguwa ko lalle ko magarya ya fi daɗewa. Akan bar wani gefe ba a nome ba, da ɗan tarin busasshen kara da gungume, domin masu sheƙa a ƙasa da masu huda itace. Ƙudan amya kan yi tafiyar kilomita 2 zuwa 3 neman fure, ƙananan kuwa ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, don haka ƙananan lambuna da dama a warwatse sun fi babba guda ɗaya amfani gare su.

Amya ba sharaɗi ba ce. Kirarin zuma shi ne ga zaƙi ga harbi, kuma ƙudan wannan yanki mafaɗata ne, suna iya far wa yara da dabbobin da ke ɗaure. A tsakiyar unguwa ko harabar makaranta an fi son a shuka fure kawai, a kai amya can bayan gari.

Aikin kafa shinge da haƙa ramukan dashe da gayya ake yi. Ban ruwan rani shi ke buƙatar a san wanda ke da alhaki kowane mako, kuma a nan ne irin waɗannan lambuna suka fi mutuwa.

Maganin ƙwari

Feshi ya yawaita a noman wake da na tumatir, musamman tun 2016 da tsutsar tumatir ta yi ɓarna a Katsina da Kano da Kaduna, tsutsar masara kuma ta ɓulla a ƙasar. Yawancin magungunan ba sa bambanta mai ɓarna da mai amfani. Shawarar malaman gona ita ce a guji feshi lokacin da amfani ke cikin fure, in ya zama dole kuma a yi da yamma bayan ƙudan sun koma. Ruwan 'ya'yan darbejiya ya fi sauƙin illa, amma shi ma ba a fesa shi kan buɗaɗɗen fure. Tarayyar Turai ta hana amfani da nau'i uku na magungunan ƙwari na rukunin niyonikotinoyid a fili a 2018. Maganin kashe ciyawa da ƙonen daji suna rage furannin gefen gona.

A addini

Sura ta 16 a Alƙur'ani sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, kuma ayoyi na 68 da 69 sun ambaci gidajensa a duwatsu da itatuwa da warakar da ke cikin zuma. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga kashe ƙudan zuma.

Saɓani

Masana ba su haɗu kan cewa ƙudan amya na raguwa a duniya ba. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna adadin amyoyin kiwo ya ƙaru tun 1961, raguwar ta fi bayyana ga ƙwarin daji. Wasu na ganin yawaita amya a wuri ɗaya na ƙwace wa ƙananan ƙwari abinci. Akwai kuma jayayya kan baƙin itatuwa kamar turare, wanda ke ba da fure amma ake zarginsa da shanye ruwan ƙasa.