Dokar Minesota: Ka Bar Furanni a Ƙofar Gida, Amma Ba Jeji Ba

A garuruwa da yawa na Amurka, idan ciyawar ƙofar gidanka ta yi tsawo, hukumar gari na iya aiko maka da takardar gargaɗi. In ka yi kunnen ƙashi a ci ka tara, ko a turo masu yanka sannan a caje ka kuɗin aikin. Matsalar ita ce, ciyawar da ake aske wa kai kowane mako ba ta samun damar yin fure, kuma ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da fure suke rayuwa.

A shekarar 2023 jihar Minesota ta sauya wannan. Dokar ta tilasta wa hukumomin birane su ƙyale mai gida, ko wanda aka ba izinin zama a gidan, ya shuka tsirrai da furanni da gangan, ko da sun wuce inci 8, wato kusan santimita 20, ko da sun kai ga yin iri.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. Dole wurin ya kasance an tsara shi, ana kuma kula da shi. Wanda ya jingine injin yankan ciyawa ya naɗe hannu, ya ce don ƙudan zuma ya bari, dokar ba ta kare shi ba. Ta faɗa ƙarara cewa ciyawar da aka yi watsi da ita ba ta cikin lissafi. Haka nan miyagun ciyayin da jihar ta haramta, dole a tuge su. A ganina an yi dabara a nan, domin maƙwabcin da ke ƙorafi ma yana da haƙƙi.

Tun 2019 jihar ke da shirin Lawns to Legumes, mai ba mazauna ɗan tallafin kuɗi su shuka furannin asalin yankin. Babban abin da ya jawo shi wani ƙudan zuma ne mai gashi, mai tabon launin tsatsa a baya, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a 2017.

Wanda bai son doguwar ciyawa yana da hanya mai sauƙi: masana a Jami'ar Minesota sun ba da shawarar a gauraya gajerun tsirrai masu fure, irin su farin kuloba, cikin ciyawar, a ɗaga wuƙar injin zuwa inci 3 ko fiye, a kuma guji feshin maganin ƙwari.