Ummu Ƙasr, Bubiyan da iyakar Iraƙi da Kuwait: ga amsoshin, a daina maimaita tambaya

Duk sanda aka ji Iraƙi da Kuwait suna cacar baki a kan mashigin ruwan Khor Abdullah, tambayoyin nan dai su ne suke dawowa. Na tara amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wai Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro Kuwait?

A'a. Gidan Al-Sabah na sarautar garin tun tsakiyar ƙarni na 18. Abin da Ingila ta yi shi ne ƙulla yarjejeniyar sirri da Shehu Mubarak a Janairun 1899, cewa ba zai ba wata ƙasa ko taku ɗaya na ƙasarsa ba, ba kuma zai karɓi wakilin kowa ba, sai da izininta.

Saboda man fetur ke nan?

Wane mai a 1899? Ba a samu mai a filin Burgan na Kuwait ba sai 1938. Tsoron Ingila shi ne layin dogon da Jamus ke shirin ja zuwa Bagadaza ya zarce har gaɓar Kuwait, ya buɗe wa Jamusawa ƙofa a kan hanyar Indiya. Turkawan Daular Usmaniyya ma sun gane wasan, shi ya sa a 1902 suka girke sojoji a Safwan da Ummu Ƙasr da tsibirin Bubiyan.

Ummu Ƙasr ta wace ƙasa ce?

Ta Iraƙi ce, garin tashar jiragen ruwa ne a bakin iyaka. Sai dai wani yanki na kudancinta, har da ɓangaren sansanin sojan ruwa, ya faɗa Kuwait a shatar iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 1993.

Ga Basra, me Iraƙi za ta yi da wata tashar jiragen ruwa a wannan lungu?

Dubi taswira mana. Gaɓar tekun Iraƙi duka kilomita 58 ce, yawancinta taɓo. Basra kuwa tana can cikin kogin Shaɗɗul Arab, wanda sai an yi ta yashe shi kafin babban jirgi ya shiga, kuma Iran na ɗaya gaɓar. A yarjejeniyar 1937 Iraƙi ta sakar wa Iran rabin ruwan da ke gaban garin Abadan na Iran. Shekara guda bayan haka ministan harkokin wajenta, Taufiƙ al-Suwaidi, ya kai wa Ingila buƙata: suna son mafita zuwa teku wadda ba ta hannun Iran. Ummu Ƙasr ce ta fi dacewa, amma jirgin da zai kai can dole ya ratsa ta gefen Bubiyan da Warba, tsibirai biyu na Kuwait. Tashar taka ce, amma maƙwabci ne zaune a bakin zaure.

A nan Ingila ta rasa bakin magana, domin ita ce uwar ɗakin duka biyun. Ma'aikatar harkokin waje a Landan tana lallashin Bagadaza, Razdan na yankin Tekun Fasha da jami'an gwamnatin Indiya suna kare Shehun Kuwait. Da yaƙin duniya na biyu ya matsa, sojojin Ingila suka gina tasha a Ummu Ƙasr don sauke kayan yaƙi, aka kwance ta bayan yaƙin, ba a taɓa faɗin filin wa aka gina ta a kai ba. Tashar da ake gani yau shugaban gwamnatin Iraƙi Abdulkarim Ƙasim ne ya aza harsashinta a 1961, aka buɗe ta a 1967.

Ina rubuta aikin jami'a, taswirorin da na samu sun saɓa wa juna. Wacce zan ɗauka?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Amsar kuma ta danganta da shekarar da kake magana a kai, don haka ka yi haƙuri da tsawonta.

In kana kafin yaƙin duniya na farko, taswirarka ita ce ta yarjejeniyar Ingila da Usmaniyya ta Yulin 1913. Layi biyu ne a cikinta: ja, wanda ya kewaye garin Kuwait da tsibiran, inda ikon Shehu yake cikakke, da kore, mai faɗi, inda yake karɓar haraji daga ƙabilu. Amma ka kula da abu biyu. Takardar ta kira Kuwait gunduma mai cin gashin kanta a cikin Daular Usmaniyya, kuma yaƙi ya ɓarke ba a tabbatar da ita ba. Iraƙi na kafa hujja da na farko, Kuwait na kafa hujja da layukan. Ka kawo duka biyun, kada ka ɓoye ɗaya.

In kana tsakanin 1923 da 1990, to gaskiya ba wata taswira da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu. Wasiƙu ne kawai: na 1923 tsakanin Shehun Kuwait Ahmad al-Jabir da Sir Percy Cox, babban wakilin Ingila a Iraƙi, da na 1932 tsakanin firayim ministan Iraƙi Nuri al-Sa'id da Shehun. Sun ce iyaka ta bi kwarin Batin zuwa arewa, ta karya gabas ta kudu da rijiyoyin Safwan da dutsen Sanam da Ummu Ƙasr, ta ƙare a mahaɗar Khor Zubair da Khor Abdullah. Kudu da nisan nawa? Shiru. Wakilin Ingila a Kuwait, Manjo More, ya kafa allo a bakin hanya kudu da Safwan, wannan allon shi ne kaɗai alamar iyaka a ƙasa. Aka tuge shi, aka mayar a 1940, aka sake tuge shi. Jami'an Ingila suka koma kwatance da itacen dabinon da ya fi kowanne kudu a Safwan, wai mil ɗaya daga gindinsa. To manomi ya fasa dasa dabino ne don kar ya ɓata wa Bature lissafi? Saboda haka duk layin da ka gani a taswirar wancan zamani fassarar wanda ya zana ce. Ka rubuta sunan mai zanen da shekarar a ƙarƙashinta.

In kuma maganar yau kake, ɗauki shatar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Kwamitin Sulhu ya tabbatar da ƙuduri na 833 a Mayun 1993, Iraƙi ta amince a Nuwamban 1994. Ko ita ma lalube ta yi a Safwan: ta raba tsakanin alƙaluma biyu da ta tarar a tsofaffin takardu, ta tsaya a mita 1,430 kudu da tsohon ofishin kwastan. 'Yan Iraƙi da yawa suna ganin shatar wanda ya ci yaƙi ce, kuma kana iya faɗin haka muddin ka ce ra'ayinsu ne. Sannan shatar ta tsaya ne a alama ta 162 a cikin ruwa. Abin da ke gaba da nan, cikin teku, hukumar ba ta taɓa shi ba. Taswirorin Facebook kuwa, don Allah ka rabu da su.

Ashe dai Ingila ta fifita Kuwait ta cuci Iraƙi?

Je ka faɗa wa mutumin Kuwait haka. A taron Uƙair na 1922 Cox ɗin nan ne ya yanke kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar da Kuwait ke ikirari ya miƙa wa Ibn Sa'ud, Shehun ma ba ya wurin, Manjo More ne ya wakilce shi. Ni a ganina babban laifin Ingila jan ƙafa ne. Tana da ikon kafa duwatsun iyaka a lokacin da ƙasashen biyu ke jin maganarta, ta ƙi, don kar ta ɓata wa ɗaya rai. Wanda ya bi shari'ar Bakassi ya san irin wannan gado. Ita ma a kan wata takardar 1913 aka yi ta.

Ba a taɓa gwada sulhu ba?

An gwada. Wajen 1955 an yi maganar Iraƙi ta jawo wa Kuwait ruwan sha daga Shaɗɗul Arab, Kuwait ta ba ta hayar Warba da ɗan zirin gaɓa. Kuwait ta janye. Ba ta yarda famfonta ya zama a hannun wanda bai amince da iyakarta ba. A 1961 Ƙasim ya ce Kuwait duka tasa ce, a Oktoban 1963 sabuwar gwamnatin Iraƙi ta sa hannu cewa ta amince da iyakar 1932, a 1973 kuma sojojin Iraƙi suka afka wa ofishin 'yan sandan iyaka na Kuwait da ke Samita.

Wannan ne ya sa Saddam ya mamaye Kuwait a 1990?

Yana ciki. Akwai bashin yaƙin Iran, da faɗuwar farashin mai, da rigimar rijiyoyin mai na Rumaila. Kada a ɗora komai a kan tsibirai.

Za su sake gwabzawa?

Kwantar da hankalinka, yanzu da lauyoyi da kankare ake yi. Kuwait na gina tashar Mubarak al-Kabir a Bubiyan, Iraƙi na gina babbar tashar Faw a ɗaya gefen mashigin. Sun ƙulla yarjejeniyar zirga-zirgar jirage a Khor Abdullah a 2012, sai kotun ƙolin Iraƙi ta ce a Satumban 2023 majalisa ba ta tabbatar da ita da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u ba, don haka ta saɓa wa tsarin mulki. Kuwait ta kai ƙorafi, ta ce yarjejeniyar na ajiye a Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana nan daram.