Ƙwayoyin bitamin: amsoshin tambayoyin da ake yi mini kullum a kantin magani

Na daɗe ina tsaye bayan teburin kantin magani a nan Maradi, kuma babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a zo neman "maganin ƙarfin jiki" ba. Tambayoyin ba sa canzawa, har na gaji da nanata amsa ɗaya safe da yamma, shi ya sa na tattara su wuri guda, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Me ke cikin ƙwayar bitamin mai haɗi?

Bitamin goma sha uku ne jiki yake bukata: A, C, D, E, K, da dangin B guda takwas. Ƙwayar takan ɗauki mafi yawansu, a ƙara mata sinadarin ƙarfe, zink, aidin da ɗan kalsiyam, sauran kuwa abin da ake dunƙula ta da shi ne da launi. Kowane kamfani da nasa awon, saboda haka a juya kwali a karanta.

Tana sa ƙiba?

A'a, ba ta sa ƙiba, domin ba tuwo ba ce kuma ba mai ba ce. Abin da ke kumbura ƴanmata ana cewa bitamin ne, mafi yawa wani abu ne dabam aka cusa a ciki: ko dai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da borin jini mai jawo barci da yawan ci, ko kuma deksametazon, wanda ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe". Wannan na biyun yana tara ruwa a fuska, yana tayar da hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Iyaye mata masu shirya amare, ku ji tsoron Allah game da ƴaƴanku, kumburi ba ƙiba ba ne. Wadda ta daɗe tana shansa kuma kada ta yanke shi dare ɗaya, ta je wurin likita ya rage mata shi sannu a hankali.

Tun da na fara sha, fitsarina ya koma rawaya, bayan gidana kuma ya yi baƙi.

Kwantar da hankalinka, Malam. Rawayar aikin bitamin B2 ne da jiki ya zubar da rararsa, baƙin kuma na sinadarin ƙarfe ne. Idan farin idonka ne ya yi rawaya, wannan ciwon shawara ne, ka nufi asibiti.

Matata tana da ciki wata huɗu. An ba ta ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awo, ni kuma na saya mata bitamin mai tsada. Ta haɗa su?

Wannan ita ce tambayar da ba na amsawa da sauri, kuma ba na son yanke hukunci sai na riƙe kwalin a hannuna. Abin da aka ba ta a wurin awo shi ne ginshiƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai juna biyu ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kowace rana. Yawancin bitamin na kowa da kowa ba su kai wannan awo na ƙarfe ba, saboda haka kuskuren da ya fi damuna shi ne mace ta ajiye na asibiti don an ba ta shi kyauta ko da arha, ta rungumi na kwali mai ƙyalli don ya ci jaka da yawa. Tsada ba ta ƙara jini.

To, ko ta haɗa su? Ya danganta da abu uku, kuma na farkonsu bitamin A ne. Shi jiki ba ya zubar da rararsa a fitsari, a hanta yake tara shi, kuma idan ya yi yawa yana iya nakasa ɗan tayi, musamman a watannin farko. Mai ciki ba ta wuce awo 10,000 a rana, wato abin da za ka ga an rubuta UI ko IU a gabansa. Idan ƙwayar an yi ta ne musamman don masu juna biyu, galibi an kiyaye wannan iyaka. Idan kuwa ta maza ce ko ta masu motsa jiki, ni dai ba zan miƙa mata ita ba.

Na biyu shi ne ƙarfen kansa, wanda a kwalayen Faransanci ake rubutawa fer. Idan duka biyun suna ɗauke da shi da yawa, abin da yakan biyo baya shi ne tashin zuciya da taurin bayan gida, har ta tsani magani gaba ɗaya ta watsar. Duk da haka akwai matan da ungozoma ko likita kan ninka musu awon da gangan, idan gwajin ƙarancin jini ya nuna awo ƙasa da 11, kuma irin waɗannan ba su da ikon ragewa da kansu. Mai sikila kuwa, musamman wadda aka sha yi wa ƙarin jini, lamarinta dabam ne, domin ƙarfe yana iya yi mata yawa a jiki, sai an gwada kafin a ba ta.

Na uku mutane kaɗan ne suka san shi. Daga wata na huɗu ana ba masu ciki Fansidar a wurin awo don kare su daga zazzaɓin cizon sauro, kuma folik asid mai ƙarfi, na miligiram 5, yana rage masa aiki, alhali ƙaramin awo na maikirogiram 400 ba ya yi masa komai. A garin da sauro ke addabar mu duk damina, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Shawarata a nan ita ce ta ci gaba da na asibiti ba fashi, ta ɗauki kwalin da ka saya ta kai wa ungozoma ranar awo na gaba, a duba su tare. Kafin nan, kada ta kora ƙwayar da shayi ko da fura da nono, domin shayi da kalsiyam ɗin nono suna hana hanji tsotse ƙarfe. Ta bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu, ta sha da ruwa ko ruwan lemun tsami, tun da bitamin C yana taimaka wa ƙarfe shiga jini. Idan ta ga tana kwaɗayin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, ta faɗa a wurin awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Kuma don ciki na gaba, in Allah ya kawo: folik asid ya fi amfani tun kafin a ɗauki cikin, saboda lakar ɗan tayi tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba.

Ɗana ya rame, in ɓare masa rabin ƙwayar babba?

Kada ki kuskura, Hajiya. Yaron da ya rame awon damtse yake bukata a cibiyar lafiya, a ga ko tamowa ce, ita kuma da abincin magani na gyaɗa ake warkar da ita. Bitamin A na yara yana da tsarinsa: shuɗin kwanso mai awo 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja mai awo 200,000 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ana maimaitawa bayan wata huɗu zuwa shida. Idan zawo yake yi, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Sannan ku daina ajiye ƙwayoyin ƙarin jini a kan tabarma ko cikin kwano: suna kama da alewa, kuma yaron da ya haɗiyi da yawa yana iya rasa ransa, ko da ya yi kamar ya warware bayan aman farko. A garzaya da shi asibiti nan take.

Kowane bitamin me yake yi a jiki?

Bitamin A na ido ne da fata da garkuwar jiki, rashinsa ke kawo dundumi. Dangin B suna taimaka wa jiki ya juya abinci zuwa kuzari, B12 da folik asid kuma suna gina jajayen ƙwayoyin jini. C na dasashi ne da warkewar rauni, D da kalsiyam na ƙashi, K na daskarar da jini idan an yanke, E yana kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, aidin kuma yana hana maƙoƙo, kuma gishiri mai aidin ya wadatar da shi.

Ina cin abinci yadda ya kamata, sai na sha?

Mafi yawan lafiyayyun manya ba sa bukata. Muna zaune kusa da Jiratawa inda ake noman zogale, ga wake, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga miyar kuka, kabewa, karas, da mangwaro a lokacinsa, amma sai mutum ya tsallake duk wannan ya zo ya ba ni kuɗin cefanen kwana uku a kan kwali ɗaya, abin yana ci mini rai. Gaskiya ne hatsinmu yana ɗauke da wani sinadari mai riƙe ƙarfe da zink, sai dai jiƙa shi da barin ƙullu ya yi tsami suna rage wannan matsala, ɗan nama ko kifi ko fara a gefe kuma suna cike giɓin. B12 kuwa ba a samun sa a ganye, sai a nama, ƙwai, kifi da nono, don haka dattijon da ya daina cin waɗannan, ko mai ciwon suga da ya daɗe a kan metfomin, ya kamata a duba shi.

Ina shan wasu magunguna, akwai matsala?

Akwai. Ƙarfe, zink da kalsiyam suna kama magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su siprofuloksasin da dangin tetarasiklin a cikin hanji su hana su aiki, haka ma maganin maƙoƙo na lebotiroksin, bitamin K kuma yana karya ƙarfin warfarin mai tsinka jini. Ku riƙa faɗa mana duk abin da kuke sha, ba tonon asiri muke yi ba.

Na mai talla a tire ya fi arha.

Ya fi arha, amma ya wuni a rana, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, alhali a kan kwalin an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30. Bitamin C da wasu daga dangin B ba sa jure zafi da haske, kuma ƙwayar da aka zare daga kwalinta aka ƙulla a leda ba ta da suna, ba ta da awo, ba ta da ranar lalacewa. Idan an kawo mini irinta a tafin hannu ana tambayata ko mece ce, ba na cewa komai face a zubar da ita.