Ma'anar tantance halin majinyaci kafin tiyatar rage ƙiba

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitocin fiɗa ke yi wa wanda nauyinsa ya kai ga cutar da shi, ko dai a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbinsa, ko kuma a ƙaranta tumbin a haɗa shi da hanji ta gajeriyar hanya. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ware aikin ga wanda ma'aunin ƙibarsa (BMI, wato lissafin nauyi gwargwadon tsawo) ya kai 40, ko 35 idan yana da wata cuta mai tsanani kamar ciwon sukari, kafin ƙungiyoyin likitocin fannin su sassauta ta a 2022. Mai tsawon mita 1 da santimita 65 da ya kai kilo 110 ya haura 40.

Kafin a shiga ɗakin tiyata akan zaunar da majinyaci gaban masanin halayyar ɗan Adam, kuma wannan zaman shi ne tantancewar. Ba zargin taɓin hankali ake yi masa ba, ko da yake da yawa haka suke ɗauka. Dalilin shi ne mutum biyu na iya hawa sikeli nauyinsu ya zo ɗaya, amma abin da ke kai hannun kowanensu ga kwano daban ne, wuƙar likita kuwa tumbi kaɗai take ragewa.

Akwai mai cin da ya fi ƙarfinsa, wanda ke cinye abincin mutum uku a ɓoye cikin ɗan lokaci ba tare da ya iya tsayawa ba, sannan kunya ta rufe shi. Idan hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3, likitoci na ɗaukarsa cuta mai zaman kanta. Akwai mai tashi ci tsakar dare, akwai kuma mai cin baƙin ciki, wanda ba yunwa ke sa shi buɗe tukunya ba. A ganina wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne mai ciye-ciye, irin ɗan kasuwar da ke wuni a bakin shago nan Maradi, ƙosai da safe, gyaɗa da hantsi, shayi mai sukari zagaye bayan zagaye, ga lemon kwalba da furar da aka zaƙaƙa. Ƙaramin tumbi ba ya hana wannan, domin abin sha wucewa yake yi, loma kaɗan-kaɗan ma tana samun wuri, shi ya sa ƙibar irinsu kan dawo.

Ana kuma bincika ciwon damuwa da shan giya ko ƙwaya, tare da abin da majinyacin ke sa rai, domin wadda ta zo da fatan aikin zai gyara aurenta tana buƙatar magana daban da wanda gwiwa ta hana shi sujada.

A wurinmu akwai ƙarin tambayar da ta shafi gida. Inda ake ci a kwano ɗaya, ake ganin ƙiba alamar wadata, matar da ta koma cin loma biyar za ta sha jin "Hajiya, lafiya kuwa?" a kowane biki. Ana son a san ko iyalinta za su mara mata baya, ko za ta jure shan ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini tsawon rayuwa, ta kuma jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Mafi yawan waɗanda aka samu da matsala ba a hana su aikin, ɗage shi ake yi har a yi musu magani.